Abin da tsatsar bututun hayaƙi ke nuna wa mai duba gida

A Amurka da Kanada, mai niyyar sayen gida yakan ɗauko ƙwararren mai duba gidaje kafin ciniki ya faɗa, ya biya shi ya zagaya ginin tun daga rufi har ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sannan ya rubuta masa rahoton abin da ya gani. Sana'a ce mai ƙungiyoyi da ƙa'idoji. Ƙungiyar masu duba gidaje ta Amurka, wato ASHI, wadda tana cikin mafi daɗewa, an kafa ta a 1976. A yankunan da sanyi ke tsanani, irin su Minnesota da Massachusetts da Ontario, wani muhimmin ɓangare na aikin yana ƙarewa ne a gaban na'urori biyu da ke tsaye a ɗakin ƙasa: na'urar ɗumama gida, ko dai boila mai tura ruwan zafi cikin ɗakuna ko wadda ke hura iska mai ɗumi, da kuma hita mai tanki wadda ke dafa ruwan wanka da wanke-wanke. Dukansu suna ƙona iskar gas ko man ɗumama gida, kuma kowace tana da bututun da ke kai hayaƙinta waje. A jikin wannan bututu ne ake yawan samun tsatsa, kuma a nan ne rahotanni da yawa ke gazawa, domin su kan tsaya a kan cewa bututu ya yi tsatsa, a sauya shi. Bututun da aka sauya ba tare da an gano dalilin lalacewarsa ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Dalilin da ya sa ba a wasa da wannan lamari shi ne iskar kabon monoksaid, wato iskar nan mara wari mara launi da ke halaka mutanen da suka kwana da janareta a rufaffen wuri. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da mutum 400 ne ke mutuwa a ƙasar duk shekara sakamakon shaƙar wannan iska bisa tsautsayi, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su. Bututun da ya huje, ko wanda ɓarɓashin tsatsa da na bulo ya toshe, yana iya mayar da hayaƙi cikin gidan da aka rufe ƙofofinsa da tagoginsa ruf saboda hunturu.

Kafin a fahimci tsatsar, sai an san cewa hayaƙin gas jiƙaƙƙe ne. Mafi yawan iskar gas ta gida sinadarin misen ce, kuma idan ta ƙone takan koma iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. Duk kilo 1 na misen da ya ƙone yana haifar da kimanin kilo 2.25 na ruwa. A ma'aunin zafi na BTU da Amurkawa ke amfani da shi, ƙona gas na BTU 100,000 yana fitar da ruwan da ya ɗan haura galan guda, wato sama da lita 4. Matsakaiciyar hita mai ƙarfin BTU 40,000 a awa tana tura fiye da lita 1.5 na ruwa cikin bututu a kowace awa da ta yi tana ci. Muddin hayaƙin yana da zafi har ya fita ta saman rufi, wannan ruwa yana tafiya ne a matsayin tururi, babu wanda ya san da shi. Amma idan bangon bututun ya yi sanyi ƙasa da kimanin digiri 55 a ma'aunin Selsiyos, tururin yakan koma ruwa a jikinsa, kamar yadda ake ganin ɗigo ya taru a ƙarƙashin murfin tukunya. Wannan ruwa kuwa yana da tsami, domin ya narkar da kabon dayoksaid da ɗan abin da ke cikin hayaƙin na sinadaran naitirojin da farar wuta, har ma'aunin tsaminsa na pH, wanda ke yin ƙasa idan tsami ya ƙaru, yakan sauka tsakanin 3 da 5. Kowane bututu yana ɗan jiƙa a mintunan farko bayan an kunna wuta, kuma wannan ba laifi ba ne idan ya yi zafi da wuri ya bushe. Ɓarna tana farawa ne idan lokacin jiƙa ya fi lokacin bushewa tsawo, rana bayan rana, hunturu bayan hunturu.

Abin mamaki shi ne, ingantuwar na'urori ce ta tsananta matsalar. Tsofaffin na'urorin ɗumama gida na shekarun 1950 zuwa 1970 almubazzarai ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da suke samarwa yana bin hayaƙi ya fice. Asara ce ga mai biyan kuɗin gas, amma wannan asarar ce take riƙe bututun bulo, wato babban bututun hayaƙi da aka gina da bulo har saman rufi, da ɗumi, ga kuma ƙaramar wutar nan da ake bari tana ci dare da rana don kunna babbar, wadda ita ma tana hana bututun yin sanyi ƙalau. A 1987 Amurka ta kafa dokar tsimin makamashi ta kayan gida, wadda ta wajabta cewa daga 1992 sabuwar na'urar hura iska mai ɗumi ba za ta yi ƙasa da kashi 78 cikin 100 wajen inganci ba, wato kason zafin gas ɗin da ke zama a cikin gida. Na'urori masu kashi 80 da suka cika kasuwa daga nan suna da fanka mai jan hayaƙi, suna kunna kansu da lantarki, kuma hayaƙinsu ya fi na da sanyi, ya kuma fi shi danshi domin ba ya gauraya da iskar ɗaki. Da aka jona su da manyan bututan bulo da aka gina don tsofaffin na'urori, sai ruwa ya fara tsiyaya a inda ba a taɓa ganinsa ba. Wannan ne ya sa aka sake fasalin jadawalin girman bututu a kundin ƙa'idojin gas na NFPA 54 a farkon shekarun 1990, har aka sanya mafi ƙarancin ƙarfin wutar da bututu zai iya ɗauka ba tare da ya jiƙe ba, bayan a da mafi yawa kaɗai ake dubawa.

Mataki na gaba ya haifar da lamarin da, a ganina, ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa. Na'urori masu ingancin kashi 90 zuwa sama da gangan suke mayar da tururi ruwa a cikinsu don su tatse sauran zafin, saboda haka hayaƙinsu ba shi da zafin da zai hau bututun bulo, sai a fitar da shi ta bututun roba a gefen bango. Mai gida ya sayi sabuwar na'ura, kuɗin gas ya ragu, kowa ya yi murna. Sai dai hitar ruwa, wadda a da take raba bututun bulo da babbar na'ura mai BTU 100,000 ko fiye, yanzu an bar ta ita kaɗai, shi ya sa masu sana'ar ke kiranta marainiya. Ɗan hayaƙin da take fitarwa ba zai iya ɗumama dogon bututu mai faɗi da kauri ba, musamman idan bututun a jikin bangon waje aka gina shi, ɓangarorinsa uku suna shan iskar hunturu. Hayaƙin yakan huce tun bai kai rabin hanya ba, ya rasa ƙarfin hawa, ruwansa ya sauka a jikin tubalin yumɓu da simintin da ke tsakaninsu. Ka'idar NFPA 54 ta ce faɗin cikin bututun da ke tsaye kada ya wuce ninki bakwai na faɗin bakin hayaƙin mafi ƙanƙantar na'urar da ke jone da shi. Bakin hita mai inci 3 yana da faɗin kimanin murabba'in inci 7, ninki bakwai kuwa bai kai 50 ba, alhali bututun yumɓu mai inci 8 da 12, wanda ya cika tsofaffin gidaje, ya haura murabba'in inci 60. Saboda haka mai duba gidan da ya ga farin bututun roba ya fita ta gefe, ya kuma ga an toshe wani babban rami a jikin bulo kusa da inda ƙaramin bututun hita ya shiga, ya riga ya san rabin labarin tun kafin ya haska tocila. Lamarin ba zai ragu nan kusa ba, tunda a 2023 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta tsara ɗaga mafi ƙarancin ingancin na'urorin hura iska mai ɗumi masu ƙona gas zuwa kashi 95 daga ƙarshen 2028.

Sauran rabin labarin yana rubuce a jikin ƙarfe, kuma wurin da tsatsa ta zauna shi ne babbar shaida. Bututun haɗi, wato guntun da ya tashi daga kan na'ura zuwa babban bututu, galibi siririn ƙarfe ne mai shafen tutiya. Idan ruwan hayaƙi ne ke cin sa, daga ciki yake farawa, kuma tunda ruwa ƙasa yake nema, sashen da ke kwance ta cikinsa na ƙasa yake hujewa. Mai kallo daga sama zai ga bututu sumul yana ƙyalli. Wanda ya durƙusa ya haska ƙarƙashinsa zai ga jerin ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura, da layin tsatsa da ya bi tsawon bututun, da wani farin gari mai kama da alli da ya bushe a bakin kowace mahaɗa da kewayen kowane sukuru. Wannan farin gari ragowar tutiya ce da ruwa mai tsami ya narkar, kuma yakan riga jar tsatsa bayyana, domin sai shafen ya ƙare kafin baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fara ci. Idan aka ɗan danna wurin da yatsa aka ji ya lotsa kamar takarda, to ƙarfen ya gama aiki ko da hujin bai fito ba tukuna. A ƙasa kuma, daidai ƙarƙashin gwiwar bututun, sau da yawa akan sami tabon ɗigo a kan siminti ko a kan murfin na'urar.

Ruwan sama yana barin tasa alamar daban. Idan hular da ke saman bututu ta ɓace, ko ƙarfen da ke rufe mahaɗar bututu da rufi ya buɗe, tsatsar takan bi bayan bututun daga sama zuwa ƙasa a dogayen layuka, a ga tabon ruwa a katakon rufi da silin, kuma jiƙar tana bin ranakun ruwa, ba ranakun tsananin sanyi ba. Tambaya guda ga mai gida, ko yaushe yake ganin ɗigon, tana iya raba gardama. Amma abubuwan biyu suna iya haɗuwa a bututu ɗaya, kuma bututun da ba shi da hula yana iya ɓoye matsalar ruwan hayaƙi, domin kowa zai ɗora wa ruwan sama laifi, a sa hula, a tafi.

Akwai kuma tsatsar da ke taruwa a saman tankin hita, a kewayen hular jan iska. Wannan hula, mai siffar mazurari a kife, tana zaune a kan bakin hayaƙin hita da ɗan sarari a ƙarƙashinta, kuma aikinta shi ne ta bar iskar ɗaki ta shiga ta bi hayaƙi sama. Idan bututu ba ya ja, sai tafiyar ta juya, hayaƙi mai zafi da danshi ya riƙa fitowa ta wannan sarari yana shafar saman tankin. Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a nan ita ce zoben robar nan, ja da shuɗi, da ke kewaye bututan ruwan zafi da na sanyi: idan suka narke ta gefen da ke fuskantar hular kaɗai, gefen waje kuwa yana nan lafiya, hayaƙi ne ya yi ta dawowa. Idan mai aikin famfo ne ya ƙona su da wutar walda lokacin da yake haɗa bututun tagulla, ƙunar ba ta zaɓar gefe haka. Ita kuma tsatsar da ta taru a gindin bututun ruwa kaɗai, tare da ɓawon farin gishiri ko kore, yoyon mahaɗar ruwa ce, aikin mai famfo ne, ba ruwanta da hayaƙi. Mai duba gidan da ya kasa bambanta waɗannan zai iya tayar wa mai saye hankali a kan ɗan yoyo, ko kuma, abin da ya fi muni, ya kira dawowar hayaƙi yoyo.

Dawowar hayaƙi ba kullum laifin bututu ba ce. Gidajen da aka toshe kafofinsu don tsimin makamashi suna iya rasa iskar da za ta maye gurbin wadda ake fitarwa, ta yadda idan aka kunna fankar kicin da ta banɗaki da na'urar busar da tufafi a lokaci guda, gidan yakan jawo iska ta duk inda ya samu, kuma bututun hita mai raunin ja shi ne ƙofa mafi sauƙi. Saboda haka gwajin da ke da ma'ana shi ne wanda aka yi a mafi munin yanayi: a rufe ƙofofi da tagogi, a kunna duk fankokin da ke fitar da iska, a kunna hitar, a bar ta ta ci na kimanin minti 5 kamar yadda tsarin gwaji na NFPA 54 ya nuna, sannan a kai ɗan hayaƙi ko madubi bakin hular. Idan hayaƙin ya shige ciki, bututu yana ja. Idan ya dawo, ko madubin ya yi hazo, akwai matsala. Gwajin da aka yi da rani, ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe, ba ya tabbatar da abin da zai faru a daren Janairu.

Wata tsatsar kuma saurinta ne ke tona ta. Bututun da bai wuce shekara biyu ko uku ba amma ya riga ya rarake, alhali girmansa daidai ne kuma yana ja, yana nuni ga iskar da na'urar ke shaƙa. Sinadaran da ke ɗauke da kulorin ko fulorin, idan tururinsu ya bi iska ya shiga wuta, sukan koma asid mai ƙarfin gaske, wanda ke cin alminiyom da ƙarfe mai tutiya, har da wasu nau'o'in ƙarfen da ba ya tsatsa. A gidajen Amurka kuwa hita da injin wanki sukan zauna a ɗaki guda, galan ɗin bilic, wato sinadarin faranta tufafi mai kulorin, a kan kanta, buhun gishirin tace ruwa a jingine da bango, wani lokaci har da maganin wurin ninƙaya da abin cire fenti. Shagunan gyaran gashi da na wankin kaya da sinadari sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma takardun masu ƙera hita suna gargaɗi a kanta, wasu ma suna cire irin wannan lalacewa daga garantinsu. Don haka duban ɗakin da na'urar ke ciki yana cikin duban bututun.

Boila tana da nata ƙarin dalilin. Boilar zubin ƙarfe ta gargajiya an ƙera ta ne a kan cewa ruwan da ke dawowa cikinta ba zai daɗe yana ƙasa da kimanin digiri 55 zuwa 60 ba. Idan aka jona ta da tsarin ɗumama daɓe, wanda ke aiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ko da tsofaffin manyan bututan ƙarfe masu ɗaukar ruwa mai yawa, ba tare da bawul mai gauraya ruwa ba, hayaƙin yakan jiƙe tun yana cikin boilar. Alamar ita ce ɓarɓashin tsatsa da ke zubowa a kan bututan wuta, wanda ke toshe ramukansu ya ɓata ƙonewar gas ɗin. Boilar da ta fi ƙarfin gidan ma tana kawo irin wannan, domin takan kama ta mutu cikin 'yan mintuna, bututun bai taɓa samun damar bushewa ba. A inda ake ƙona mai, kamar jihohin arewa maso gabas, farar wutar da ke cikin man ce ke haɗuwa da danshi ta ba da asid, kuma ko da yake jihar New York ta rage ta zuwa kashi 15 cikin miliyan tun 2012, tsohuwar kunkunniyar da ta manne a bangon bututun tana nan. Idan aka sauya irin wannan gida daga mai zuwa gas ba tare da an share bututun an duba shi ba, danshin gas ɗin yakan jiƙa wannan tsohuwar kunkunniya, tubalin ya fara ɓarewa. Buɗe ƙaramar ƙofar shara da ke gindin bututun bulo yana nuna wannan nan take: tarin yashi da gutsattsarin yumɓu, wani lokaci har sun kai bakin ramin da bututun haɗi ya shiga. A waje kuma akan ga farin gishiri a jikin bulo, da fuskokin bulo da suka ɓalle saboda ruwan da ya shige su ya daskare.

Yadda aka kafa bututun haɗi yana ƙara wa duk waɗannan ƙarfi ko ya rage. Ƙa'ida ita ce ya riƙa hawa aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa zuwa babban bututu. Wanda ya lanƙwashe a tsakiya ko ya karkata baya yakan tara ruwa a wuri guda. Dogon bututu mai bango ɗaya da ya ratsa ɗaki mai sanyi yana zubar da zafin hayaƙi tun kafin a fara hawa. Bututu mai bango biyu, nau'in B, mai alminiyom a ciki da ƙarfe mai tutiya a waje da iska a tsakani, ya fi riƙe zafi, shi ya sa ake barin tazarar inci 1 kawai tsakaninsa da katako, alhali mai bango ɗaya yana buƙatar inci 6. Sai dai wannan nau'i yana ɓoye ciwonsa, domin bangon ciki yana iya rarakewa na waje yana nan fes, kuma abin da zai fallasa shi bai wuce farin ɗigon da ya bushe a mahaɗa ba. Roba ma ba ta tsira ba: a 1998 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye bututan roba masu jure zafi na Plexvent da Ultravent, saboda suna tsagewa ko su rabu a mahaɗa, kuma har yau akan ci karo da su a wasu gidaje.

Ƙa'idojin sana'ar duba gida sun taƙaita aikin ga abin da ido ke iya gani, ba su wajabta wa mai dubawa leƙa cikin bututun da ba a iya kaiwa gare shi cikin sauƙi ba, kuma yawancinsu ba sa kwance komai. Wannan iyaka gaskiya ce, amma bai kamata ta zama mafaka ba. Kundin NFPA 211 ya tanadi dubawa mataki na biyu, wadda ake zura kyamara cikin bututun daga sama har ƙasa, kuma ya ambaci sayar da gida da sauya na'ura ko nau'in makamashi a cikin lokutan da ya dace a yi ta. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya faɗi inda tsatsar take da siffarta, ya faɗi dalilin da alamun suka fi nunawa, ya bayyana sashen da ba a gani ba, sannan ya nemi a kira mai gyaran na'urar ɗumama gida ko mai duba bututun hayaƙi kafin a kammala ciniki. Idan an ga huji ko an tabbatar da dawowar hayaƙi, mutanen da ke zaune a gidan a ranar su ne suka fi buƙatar jin labarin, ko da ba su ne suka biya kuɗin dubawar ba. Ga hita marainiya kuwa, gyaran yakan kasance ɗaya daga cikin uku: a zura sabon bututun ƙarfe daidai girmanta a cikin na bulo, ko a sauya ta da mai fanka wadda ke fitar da hayaƙi ta gefen bango, ko a koma mai aiki da lantarki a toshe tsohon bututun gaba ɗaya.